Mutumin da Ke Fara Ganin Jinjirin Wata

Wata rana masu duba ido kyauta suka kafa rumfa a bakin kasuwar wani gari.

A garin akwai Malam Ilu. Shekara ashirin shi ke fara ganin jinjirin wata. In ya hau tudun bayan gari ya ce "ga shi can", sai dai a kai wa hakimi labari.

Ya je rumfar, ba don yana zargin idonsa ba. Yabo ya je nema.

Aka auna hawan jinin idonsa, aka ce daidai yake. Amma da ma'aikaciyar da ta auna shi ta ji cewa mahaifinsa ya makance kafin ya rasu, sai ta ba shi takarda ya je asibiti a auna kaurin fatar idonsa, wato 'yar fatar nan mai kamar gilashi da ke rufe da baƙin ido.

Malam ya yi dariya. Mai ganin wata ranar tsayuwarsa za a tura asibitin ido?

Ya ninke takardar, ya cusa a aljihu. Can wanki ya cinye ta.

Shekara shida ta wuce. Ya fara tuntuɓe da turmi, yana buga kafaɗa a ƙofar zaure. Amma wata kam yana ganinsa tar, don haka laifin na masu ajiye kaya a hanya ne.

Sai ranar da babur ya taho ta gefensa bai gani ba, ya buge shi. Ƙaninsa Sallau ya kai shi asibiti, Malam na tafe yana mita.

Likita ta gama awo ta ce, "Baba, fatar idonka siririya ce. Irinta kan sa na'ura ta nuna hawan jinin ido ƙasa da yadda yake, naka kuwa ya daɗe da hawa. Ciwon kuma daga gefe yake cin gani, tsakiya yake bari ƙarshe."

"To abin da ya tafi fa, 'yata?"

"Ba ya dawowa, Baba. Abin da ya rage za mu tsare."

Har yau Malam Ilu yana hawa tudun nan duk ƙarshen wata. Ganinsa ya koma kamar na mai leƙe ta ramin ƙofa, sama kuwa faɗi gare ta. Yana kewarta ƙwarai. Ba yabon ba, samar kanta, yadda take buɗe masa daga gabas har yamma.

Shi ya tasa Sallau gaba aka auna shi. Tasa fatar ma siririya ce. An fara ɗiga masa magani da wuri.

Yanzu Sallau ke fara ganin wata. Amma ba ya cewa komai sai ya kama kan yayansa da hannu biyu, ya juya shi a hankali.

"Nan ne, Yaya. Duba."

Wani watan yakan gani.

Darasi: Ganin nesa ba shi ne lafiyar ido ba. In an taɓa makancewa a gidanku, kada ka tsaya ga awo ɗaya, ka ce a auna har kaurin fatar idonka.

Tura wa ɗan'uwanka tun yana iya karantawa da idonsa.