Daminar da na zama dokin Baba

Shekarun baya, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifina, ya kashe masa hannun hagu. Da hannun nan yake riƙe linzami tun yana saurayi. Yana da wani jan doki da yake hawa daga gidanmu a Maikunkele zuwa gona, babur kuwa ko an roƙe shi ba ya hawa.

Da ya fara samun sauƙi, sai ya ce a ɗaura sirdi. Ni da yayana muka ɗora shi, ya kama linzamin da hannun dama. Ƙarfen linzami irin namu ba ya son ƙarfi, ɗan motsi ya ishe shi. Hannun daman Baba kuwa na fartanya ne. A bakin ƙofa ya ja, dokin ya ɗaga ƙafafun gaba, da ƙyar muka tare tsohon. Da muka duba, bakin dokin na jini.

Yayana ya ce, "Baba, a sayar da shi kawai. Ka ji likita, faɗuwa ɗaya ta isa."

Baba ya daɗe yana kallon jinin, sannan ya ce, "Ba laifinsa ba ne. Hannun nan ne bai san bakinsa ba. Ku ba ni zuwa kaka. In ban iya ba, ku sayar."

Damina a ƙasar Minna ba ta barin fata, kwana biyu sai ka ga funfuna. Kullum da safe Baba zai danne igiyar linzamin da gwiwa, ya goge ta da tsumma, ya murza mata man kaɗe, yana laluben inda ta fara tsagewa. In ya gama sai ya kira ni, ya sa min ƙarfen tsakanin yatsuna, ya riƙa jan igiyar da hannun dama.

"Rufe ido. In ka ji zafi, faɗa."

"Na ji, Baba."

"Yanzu fa?"

"Har yanzu."

Mahaifiyata takan leƙo ta ce, "Malam, mun kai yaro ya koyi aikin rediyo, ka mai da shi doki. In kawo masa dusa ne?"

Haka muka yi ta yi, yatsuna duk kanta. Wata safiya ya tambaye ni ina ya juya ni, na ce dama. Sai na lura ban ji zafi ba, na dai gane inda yake so in bi.

Ana fara tonon doya ya sake hawa. Yayana na biye a ƙasa, hannu a shirye. Dokin ya bi hanyar gona ko kai bai girgiza ba. Ba a sayar da shi ba, kuma Baba ya ci gaba da hawansa har Allah ya yi masa rasuwa.

Na daɗe ina ganin linzami daga gefen mai riƙewa. A daminar nan ne na zauna a ɗaya gefen, na san akwai nama a can. Yanzu in na kama hannun 'yata za mu tsallaka titi, nakan sassauta yatsuna, in tambaye ta ko ta ji zafi.