Filin Ƙanƙarar Réjean a Gangare

Réjean Thibodeau ya yi rayuwarsa yana tuƙa motar 'yan makaranta a wani ƙaramin gari a bakin kogin Saguenay, inda sanyi ke daskarar da ruwa. Mutum ne mai taurin kai, amma marar hayaniya. Shekarar da ya ajiye aiki ne aka yi wa matarsa Ghislaine aiki a ƙugu. Macen da tun tana yarinya ba ta taɓa barin sanyi ya wuce ba ta yi zamiya a kan ƙanƙara ba, sai ga ta zaune a bakin taga, takalman zamiyarta na rataye. Filin zamiya na gari ya yi mata nisa, ga cunkoso.

Réjean ya ce zai yi mata nata a bayan gida. Sai dai bayan gidan gangare ne.

Da ya fara zuba ruwa, gaba ɗaya ya kwarara zuwa ƙofar maƙwabcinsa Armand, ya daskare a can.

"Kai tsoho!" in ji Armand ta kan shinge. "Matarka za ka faranta wa, ko ni za ka karya wa ƙafa?"

"Yi haƙuri. Ara mini katakon nan naka da ke ruɓewa a banza."

Ya kafa katakai masu tsawo a ƙasan gangaren, ya tokare su da turaku. Ya riƙa jiƙa dusar ƙanƙara yana danƙara ta a wajen da ya yi zurfi, ya shimfiɗa leda. Sai ga rana ta buɗe, bangon katakon ya ɓalle, aikin ya narke.

Ghislaine ta miƙa masa miyar wake mai zafi, ta ce, "Bar shi haka, bayanka zai tafi."

"Bayana ne ai, ba naki ba."

Ya sake daga farko. Wannan karon bai yi gaggawa ba: kowace safiya ya ja tiyo ya yayyafa ruwa kaɗan, ya bari ya kame, har saman ya daidaita sumul.

Ranar da Ghislaine ta hau ƙanƙarar, kujerar kicin ta riƙe tana turawa. Ta kai ƙarshe, ta juyo, ta saki kujerar.

"Réjean, gefen nan akwai tudu," ta ce tana dariya.

Ya ɗauko sheburinsa ya nufi wajen.