Da Saura, In Ji Kawu Bulus

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kawu Bulus a coci ya san almakashin nan. Ɗan ƙarami ne mai baƙin mariƙi, a ɗaure da igiyar takalmi a ƙugunsa, ko ranar auren ɗansa Danjuma da ya ci kwat yana nan yana lilo. A gidan kowa in man goge baki ya ƙare, ya ƙare. A gidan Kawu sai an farke cikin robar an leƙa, ya ce, "Da saura." Takardar tsarin sujada ta ranar Lahadi kuwa, kafin Fasto ya sa albarka ya riga ya yanke farin gefenta ya zura a aljihu. Na taɓa jefa kwalin cornflakes a shara a gidansa na unguwar Gorton a Manchester, sai da ya sa na tsamo shi da hannuna.

"Kawu, babu komai a ciki fa."

"Cikinsa kika duba, Saratu. Bayansa fari ne. Da saura."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma babu wanda ya kai ni yi masa tsiwa, don haka ni ya kamata in faɗa muku abin da ya yi da kwalayen nan.

Shekara ashirin ya yi yana koyar da Turanci a firamare a Pankshin kafin ya zo nan Ingila ya ƙare da tsintsiya a wani ɗakin ajiye kaya. Bai taɓa yarda ya daina zama malami ba, ɗalibai ne dai suka yi masa ƙaranci. Mu ya fara gwadawa, muka gudu. 'Ya'yanmu ya gwada, suka riƙa gyara masa lafazi. Sai Allah ya kawo masa Halina.

Halina maƙwabciyarsa ce, bango ɗaya ya raba su, 'yar Yukren. Mijinta Petro a Manchester aka haife shi, iyayensa ne 'yan can, da girmansa ya je ya auro ta. Shi ne bakinta a wajen likita, a kanti, a ko'ina. Sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta ɗauke masa magana ƙaf. Ga takardun zamanta na dindindin ba za su fito ba sai ta ci jarrabawar magana da Turanci. In bizarta ta ƙare ba ta ci ba, komawa za ta yi ta bar Petro a kujera, ba mai juya shi, ba mai ba shi abinci a baki. Akwai aji na kyauta a laburaren unguwa, nan take zuwa. To shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kuna tune, yau a rufe wannan gobe a rufe wancan. Wata Talata ta je ta tarar da ƙofar ajin a kulle da takarda a jiki.

Kawu yana laburaren, don can yake zuwa shan ɗumi kyauta. Ya ce ya ga mace tana bin kusurwoyin ɗakin ɗaya bayan ɗaya tana leƙe. Ashe ma'aikaciyar wurin ce ta ce mata, "It's the cuts, love," tana nufin ragin kuɗin gwamnati, da bakin mutanen Manchester, wato kut. A yaren su Halina kuwa kut kusurwa ce. Ita a zatonta an mayar da ajin wani lungu.

Kawu ya kira ta gefe. Shi dai ba zai iya furta kalmar yadda 'yan garin ke furta ta ba, dattijon coci ne, kuma kun san abin da ke biyo bayan kut a bakin Bahaushe. Sai ya gyara murya ya faɗe ta irin ta aji uku a Pankshin.

"Not kut, Madam. Kat."

Matar nan ta ja da baya, fuskarta ta yi fari fat. Da ƙyar, da hannu da zane a takarda, ya gano cewa kat a yarensu hauni ne, mai rataye mutane.

"Saratu," ya ce da ni da yamma, yana ta murna kamar wanda aka yi wa haihuwa, "ma'anarsu ta fi ta Turawa gaskiya. An rufe aji saboda hauni. Ki samo mini kwali."

Daga ranar ya ɗauke ta ɗaliba. Kullum ƙarfe goma na safe zai buga bango sau biyu da mariƙin almakashi, ta buga sau ɗaya, ya zagaya da katunansa. Kowane kati ma'ana ɗaya ce ta kalmar cut, ya rubuta da Turanci a sama, ita ta rubuta da harufansu a ƙasa. Yankan wuƙa a yatsa. Ɗaukewar wuta. Ragin albashi. Ɗinkin riga. In ta ce, "Finish, Teacher?" sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Da saura." Wata uku suka yi a kan kalma ɗaya, ni kuwa raina ya ɓaci.

"Kawu, jarrabawar nan ba a kan cut za a yi ta ba. Ka koya mata gaisuwa, ka koya mata kwanakin mako. Matar nan deadline gare ta."

"Wa ya koya miki sunayen kwanaki?"

"Kai."

"To ki bar ni da aikina. Wanda ya san kalma ɗaya har gidansu ya fi wanda ya gaisa da ɗari a hanya."

Ranar Asabar yakan kai ta abin da yake kira practical, a shagon Alhaji Sumaila mahauci a Longsight, mutumin Kumasi. Shekara da shekaru Kawu ƙashi kawai yake saya a wurinsa, shi ma sai an yi ciniki. Darasin ranar shi ne cut na nama, wato wane ɓangare kake so. Amma jiya-jiya ya koya mata cut na kaso, abin da mutum ke cirewa nasa in an yi harka. Halina ta tsaya gaban teburin nama, ta dubi Alhaji ido cikin ido.

"Good morning. How much is your cut?"

Alhaji ya ajiye wuƙa. "Malam Bulus, me na yi maka? Ƙashin da nake ƙara maka bai isa ba, sai ka kawo mini 'yar haraji?"

"Grammar ɗinta daidai ne, Alhaji. Amsa mata."

Wanda ba zan manta ba shi ne na aski. Gashin Petro ya yi yawa, kai shi shagon aski kuma aiki ne, sai Kawu ya ce ai ga darasi ya kawo kansa. Aka ɗaura wa Petro tawul a wuya a tsakiyar falo. Ina wurin, na kawo musu miya. Kawu yana aski yana bayani, "This, Madam, is a haircut," ya juyo ya ga ko tana rubutawa, almakashi ya ɗan ci kunnen bawan Allah. Jini ya ɗigo a tawul. Maimakon ya ba da haƙuri sai ya nuna wurin.

"And this is also a cut. Ma'ana biyu a zama ɗaya, kuma kyauta."

Petro, wanda ya fi shekara bai ce uffan ba, ya murɗa baki, ya harari Kawu, ya ce, "Kat."

Halina ta durƙusa ta riƙe gwiwoyin mijinta, tana dariya tana kuka, ta kasa tsayar da ko ɗaya. Petro hauni ya kira Kawu, da yaren uwarsa. Amma har Kawu ya bar Gorton bai yarda ba. Shi a wurinsa Turanci mutumin ya yi, kuma da lafazi mai kyau, ba irin na 'yan garin ba.

Katin short cut, wato yanken hanya, shi ne ya fara nuna mana abin da ke tafe. Akwai wani lungu da yake bi daga gidansa zuwa kasuwar Gorton, ya fi shekara goma sha biyar yana binsa. Ya ɗauki Halina zai nuna mata, suka shiga, ya tsaya a tsakiya yana waige-waige. Ita ce ta riƙo hannunsa ta dawo da shi gida. Da ta faɗa mini dariya na yi, na ce maganinsa ke nan. Ni da nake aikin kula da tsofaffi a Salford, nake ganin irin wannan kullum, ban gane ba. Ko kuma ban so in gane ba. Har yau abin yana ci na.

Mantuwa ta riƙa cinsa a hankali. Ya bar tukunya a wuta sau biyu. Cibiyar da tsofaffin unguwa ke haɗuwa su ci abincin rana, inda aƙalla wani zai lura da shi, ita ma an rufe ta a shekarar. Danjuma ya zo daga Birmingham ya ce Baba zai koma wurinsa. Kawu ya ƙi, ya zauna a kan akwatinsa ya ce yana da ɗaliba, jarrabawarta saura wata huɗu, malami ba ya barin aji a tsakiyar zango. Ni ce na ɗaga masa murya. Na ce ajin me, kalma ɗaya tak kake ta juyawa kamar tuwo, ka ɓata wa matar mutane lokaci. Ya dube ni, ya tashi ya shiga mota. Da a ce faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Daga Birmingham katunan suka ci gaba da zuwa ta gidan waya, cikin tsofaffin ambulan da ya juya bayansu. Wasu maimaici ne, ya manta ya riga ya aiko. Halina ba ta taɓa faɗa masa ba. Na ƙarshe ya zo da rubutu yana rawa. Ashe mutanen Birmingham suna kiran hanyoyin ruwan nan da aka haƙa don kwale-kwalen kaya the cut, akwai ɗaya a bayan gidan Danjuma. Ya rubuta mata cewa ruwa ne da mutane suka yanka ƙasa suka yi masa hanya, kuma wani mai kamun kifi ya faɗa masa in mutum yana da haƙuri, wannan ruwan zai kai shi har Manchester. Sau biyu Danjuma yana tsinto shi a bakin ruwan da rana tsaka, ya yi nisa, da kwali a hammata.

"Baba, ina za ka?"

"Ƙarfe goma ta wuce. Tana jira na."

A jarrabawar ana barin mutum ya zo da batun da ya zaɓa ya yi magana a kai. Na ce wa Halina ta yi maganar abinci ko garinsu, abu mai sauƙi. Ta ce to, ta shiga ta yi abin da ta ga dama. Ta ce wa mai jarrabawar za ta yi magana a kan kalma ɗaya. Ta fara daga ƙofar laburare, ta bi ta shagon Alhaji, ta kunnen mijinta, ta lungun kasuwa, har bakin ruwan Birmingham. Duk rayuwarta ta shekara guda tana cikin katunan nan, da jiya da yau da gobe, ba ta nemi kalma ta rasa ba. Da lokaci ya cika matar ta ce ya isa, Halina ta ɗaga yatsa ta ce mata akwai saura. Ta ci. Sai a ranar na gane abin da tsohon nan yake yi tun farko.

Ni na kai ta Birmingham a mota da takardar sakamakon. Muka same shi a kujera kusa da taga, ya rame, an raba shi da almakashin don kada ya ji wa kansa ciwo, igiyar kawai ta rage a ƙugunsa. Turancin ya tafi gaba ɗaya. Mutumin da ya koyar da shi shekara ashirin, ba ya jin ko good morning, sai Hausa da ɗan Angasanci. Ni ma kallon baƙuwa ya yi mini. Halina ba ta damu ba, ta saba zama da namiji wanda magana ta gudu ta bari. Ta ja kujera, ta ɗora masa takardar a cinya.

"Teacher. I pass. I stay."

Ya dubi rubutun, bai gane shi ba. Sai ya juya takardar, ya shafa bayanta da tafin hannu, ɗayan hannun yana laluben igiya.

"Bayanta fari ne," ya ce.

Na buɗe baki zan fassara mata, ta girgiza mini kai. Ta sunkuya daidai kunnensa, ta faɗi Hausar da ta iya duk duniya.

"Da saura."

Kawu ya ɗago ya dube ta sosai, ya yi murmushi, ya ɗaga yatsa. Ni fita na yi, na tsaya a bayan gida ina kallon ruwan nan ina kuka, don na so in ba shi haƙuri kuma na makara.

Bai ƙara wata biyu ba. Almakashin yana Gorton wurin Halina, Danjuma ya ba ta ranar jana'iza, da shi take yi wa Petro aski. Katunan suna cikin gwangwanin biskit a kan firij ɗinta. Ni kuma har yau in na ɗauki kwali zan jefar sai na juya bayansa.

Ya Ubangiji, ga bawanka Bulus, bai taɓa yarda an jefar da abin da ke da sauran amfani ba, ko kwali ko mutum. Ka karɓe shi, ka mayar masa da kalmominsa duka, ka gafarta masa, ni ma ka gafarta mini kaifin bakina. Mun ga inda aka yanke, amma mun gaskata a wurinka da saura. Amin.