Marlys, Direbar da ta Karanta Ƙasashen Fasinjojinta

Marlys Tollefsrud takan riga kowa isa garejin motocin makaranta. Ta kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashi, ta zagaya bas ɗinta tana dukan tayoyi da ƙafa, sannan ta leƙo wurina ta ce, "Bakanike, birkin nan kuka yake, ko sai na ciro na kawo maka a faranti?" Ni ne mai gyaran motocin garejin, kuma na daɗe ina shan wannan tsiyar. In ta kai yara ta dawo, babu aiki sai an tashi daga makaranta. Direbobi wasu karta, wasu barci, wasu zagin gwamnati. Ita kuwa sai ta koma kujerar baya da kofi da littafi, yatsa na bin layi, leɓe na motsi. Ba mai saurin karatu ba ce, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Ƙarshen zangon karatun nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ajiye sifana na ɗauki biro.

Tun da aka faɗaɗa kamfanin yankan talotalo, garinmu na kudancin Minnesota ya cika da baƙi. Wata safiya Marlys ta dubi madubin motarta, ta ga rabin motar yara ne da ba ta san ko ta ina ƙasarsu take ba. Abin ya tsaya mata a rai. Sai ta ɗaukar wa kanta alkawari: littafi ɗaya kowane wata, a kan mutanen da take ɗaukar 'ya'yansu, kuma wanda ɗan ƙasar ya rubuta. Iyayen da ke tsaye a bakin hanya take tambaya su zaɓar mata, ko da nuni ne da hannu. Wani watan Guatemala, wani Somaliya, wani Eritiriya. Akwai littattafan da suka ba ta wuya ta yi ta tsaki, amma ba ta bari wata ya ƙare ba ta kai shafin ƙarshe ba.

Mun yi mata dariya, ban da ƙarya. Gaba-gaba a tsokana shi ne Duane Kretsch, wani ƙaton direba mai murya kamar injin niƙa.

"Farfesa, yau wace ƙasa aka sauka? A taho mana da tsaraba."

"Tsaraba tana nan, kai ne ba ka iya buɗe ta ba," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

A hunturun bana aka zo wurin da dariya ta ƙare. A motar Duane akwai Paw Wah, yarinya 'yar ƙabilar Karen da iyayenta suka baro ƙasar Bama. Takan tashi mota na tafiya don ta rarrashi ƙanwarta, Duane ya yi mata faɗa, ita kuma ta naɗe hannu a ƙirji ta sunkuyar da kai. Ya sha kai ƙararta ofis, har ƙara ɗaya ta rage a hana ta hawa motar. Gidansu yana can bayan kamfani, iyayenta tun asuba suke fita aiki, kuma sanyin da ake yi ba na tafiya a ƙasa ba ne. In aka sauke ta daga bas, an sauke ta daga makaranta ke nan.

Duane ya shigo yana huci. "Ni za ta naɗe wa hannu? Ina magana ko kallona ba ta yi! Raini ne tsagwaronsa. Gobe zan kai ƙarar ƙarshe."

Marlys ta je motarta ta dawo da wani littafi da ya sha hannu. "Ungo. Wata mata 'yar ƙabilarsu ta rubuta. Gama shi tukuna, sannan ka kai duk ƙarar da ka ga dama."

"Haba tsohuwa, rabona da littafi tun ina da gashi a kai. Faɗa min abin da ke ciki mana."

"In na faɗa da baki cewa za ka yi ɗaure mata gindi nake. Karanta, ba cizo yake ba."

Kwana da kwanaki ina ƙarƙashin mota ina hango shi, ya ɗora littafin a kan sitiyari, in ya ji tafiya ya rufe da jarida. Ran nan na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Ya kai wurin da marubuciyar ke ba da labarin yadda malaminsu a sansanin gudun hijira ya zane ta don ta tsaya gabansa hannuwa a sake. A wurinsu, yaro mai tarbiyya naɗe hannu yake ya sunkuya in babba na magana. Duane ya dube ni, fuskarsa ta yi ja.

"Ashe girmama ni take yi. Ni kuma ina neman korar ta."

Ya janye ƙararrakin, ya mai da ƙanwar kujerar da ke bayansa don kada yayar ta riƙa tashi. Ranar Asabar ya matsa wa Marlys sai ta raka shi gidan su Paw Wah. Ita ta ba mu labari, tana dariya har da hawaye. Kakar yaran ta buɗe ƙofa, sai ga ƙato ya cika ƙofar, ya naɗe hannu a ƙirji, kai a ƙasa, yana ba da haƙuri. Tsohuwar ba ta ji kalma ɗaya ba, amma ta gane, ta jawo shi ciki ta zuba masa shinkafa.

Marlys, ke ce kika ƙi ɗaukar 'ya'yan mutane kamar buhuna. Ke ce kika ga jahilcinki a madubi kika tunkare shi wata bayan wata, babu wanda ya sa ki, babu wanda ya biya ki. Uwar hanya, zan yi kewarki, har da tsiyar birki. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi da ido mai ƙarfi.

Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya tuƙi ba. Ku dubi wanda kuke gani kullum ba ku san daga ina ya fito ba, ku tambaye shi littafi ɗaya, ku ba kanku wata guda. Gobe da safe Paw Wah za ta hau bas ta tafi makaranta, don wata tsohuwa mai karatu da yatsa ta cika alkawarin da ta ɗaukar wa kanta.