Auren da Aka Sake wa Rana

Ranar da aka ɗaura mini aure, angon yana Ingila yana gyara wa wani tsoho kwanciya a gadon asibiti. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. A Ƙofa, garinmu, ango ba shi da aikin yi a wurin ɗaurin aure sai tsayuwa can gefe da abokai yana washe baki, to in ma bai zo ba me aka rasa? Wansa, wanda duk gidansu ke kira Yaya, shi ya karɓa masa. Ƙanen Baba ya bayar, aka ambaci sadaki, liman ya ɗaura, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Ni kuwa ina ɗakin Inna a lulluɓe, ina jiyo hayaniyar maza ta bayan katanga. Wata Juma'a ce bayan an gama kaka. Haka aka yi na uwata, haka aka yi na kakata, kuma ba wanda ya taɓa cewa a kawo takarda.

Bayan wata biyu ya samu hutu ya zo, na tare a gidansu da ke Kankia. Kwana ashirin da takwas muka yi ya koma bakin aikinsa na jinya, ya bar ni da ciki. Na haihu daidai lokacin yankan gero, aka samu mace.

Innata Bafulatana ce daga Sukuntuni, a hannunta na koyi kunyar ɗan fari, kuma na koye ta har ta yi yawa. Ban taɓa kiran sunan yarinyar ba. Ba na ɗaukarta a gaban surukai, nono ma sai na shiga ɗaki na saki labule. In aka ce, "Ɗiyarki na kuka," sai in yi kamar da wata ake. "Yarinyar nan" nake ce mata, mutanen gida suna yaba mini, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin: mu zauna gida ɗaya, ni da shi da yarinyar nan, in dafa ya ci. Na gaji da miji na cikin waya. Aikinsa ya ba shi damar kai iyali, sai dai a cika takardun neman biza a kawo shaidar aure. Ni malamar Turanci ce a firamare, don haka kullum in an tashi makaranta sai in zauna da waya ina karanta ƙa'idojin, ina kwafewa a littafin rubutu irin na 'yan aji huɗu. Sati biyu na yi a kai. Abin da na fahimta shi ne suna son a nuna musu an ɗaura auren yadda dokar ƙasarmu ta yarda. Na ce to ai da sauƙi: liman ya rubuto takarda, shaidu su je kotu su yi rantsuwa, a haɗa da bayanin cewa ango wakili ya tura. Baba ma ya ce shi da kansa zai hau mashin ya ɗauko liman.

Sai Yaya ya ji labari. Yaya ɗan kasuwar hatsi ne, ya je Makka sau biyu ta hannun ejan, tun daga nan ya yanke cewa duk abin da ya shafi fasfo ba a taɓa shi sai da ɗan tsakiya. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, na durƙusa na gaishe shi.

"Ke malamar firamare, mi kika sani game da Turawa?" in ji shi. "Wanga ba kiran sunan 'yan aji ba ne. Akwai masu aikin, a kai masu."

Da na faɗa wa maigidana a waya, sai ya ce, "Ki bi Yaya. In aka ƙi mu sau ɗaya ta ɓaci, kada mu yi ganganci." Na ji tsoro a muryarsa, ni ma tsoron ya kama ni. Wannan tsoron shi ya kai mu Kano, wurin wani ƙwararren mai cika takardun biza.

Ofishin ƙwararren yana saman bene, da sanyin na'ura, da ƙananan tutocin ƙasashe a kan tebur, bango kuma cike da hotunan mutane riƙe da akwatuna a filin jirgi. Mutumin yana da fara'a, ba zan ɓoye ba. Yana ce mini Hajiya, amma Yaya yake kallo in yana magana. Ya duba kwafin fasfon maigidana, ya tambayi ranar ɗaurin aure, ya ajiye biro.

"Alhaji, a wannan ranar ango ba ya ƙasar. Ga hatimin shiga da fita. Ba hoton su biyu, ba takarda. Bature ba zai taɓa yarda an yi aure babu ango ba."

Na buɗe littafina da niyyar nuna masa inda na kwafo. Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya kawo shawara a zancen manya. "Hajiya, abin da suke rubutawa daban, abin da suke yi daban. Mu muka san cikinsu." Yaya ya juyo ya kalle ni sau ɗaya, na rufe littafin.

Shawararsa ita ce in maigidana ya zo hutu a je ofishin rajistar aure a yi sabon sa hannu, a ɗauki hotuna masu kyau, wannan ranar ita za a rubuta a matsayin ranar aurenmu. Waccan Juma'ar ta Ƙofa kuwa a manta da ita.

Maigidana ya zo hutu yarinyar nan tana wata takwas. Aka sake yi mini lalle, na ciro leshin lefena daga ƙasan akwati, aka bar ta a hannun surukata, muka tafi birni. Mai hoto yana ta cewa in matso, in ɗora kai a kafaɗar ango, in yi murmushi, nono kuwa ya cika yana tsatsafowa a rigata. Kafin sati hotunan sun zaga wayoyin Kankia. Wata maƙwabciya ta tare ni a gidan suna tana tambaya a hankali, "Halan kome aka yi?" Wato ta zaci ya sake ni ne ya mai da ni.

Da na je Ƙofa, Baba yana zaune a zaure yana gyaran igiyar shanu. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

"Ni dai sau ɗaya na ba da aurenki," ya ce, "gaban jama'a, da rana tsaka. Wancan na biyun ban san wa ya ba da shi ba."

Bayan maigidana ya koma, ƙwararren ya kira mu sa hannu. Cikin takardun akwai wata wasiƙa da ya rubuta da sunana, wai ni ce ke ba da labarinmu. Na karanta ta daga farko har ƙarshe, kuma wannan shi ne abin da ba zan yafe wa kaina ba, don ba zan ce ban gane ba. Wasiƙar ta ce mun daɗe muna tare muna son juna, muka samu haihuwa, daga baya muka yi aure. A Turance maganar ta zauna lafiya lau, ba ta da wari ko kaɗan. Na nuna masa layin da yatsa, ya ce, "Su can ba su ɗauki wannan a bakin komai ba. Ƙara wa takardar ƙarfi ma zai yi." Yaya ba ya jin Turanci, abin da aka gaya masa kawai shi ne an daidaita kwanan wata. Maigidana kuwa an tura masa, ya karanta, ya ce mini takarda ce kawai, Allah ya san gaskiya. Yaya na tsaye yana duba agogo, yana son ya kama kasuwa. Na sa hannu.

Bayan 'yan makonni aka ce in zo Abuja a yi mini tambayoyi. Ƙwararren ya ba ni amsoshi a rubuce, na haddace su kamar karatun jarrabawa. Ya kuma ba ni wata dabara: in ce ina son tafinta, ko da ina jin Turanci, don kafin a fassara tambaya na samu lokacin tunani. Na ga hikimar abin, na yarda.

Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, kujera ɗaya da kwamfuta. Wata Baturiya ta bayyana a fuskar kwamfutar, mai gilashi, ba ta da alamar mugunta. Tafintan ba a ganinsa, muryarsa kawai ake ji. Ya yi mini sallama. Muryar dattijo ce, Hausarsa irin tamu ta ƙasar Katsina, sai ka ce ɗaya daga cikin tsofaffin da ke zama a zauren Baba bayan La'asar.

Tambayoyin farko na wuce su lafiya. Sunan asibitin da yake aiki, garin da yake, ranar aure. Na faɗi ranar birni ba tare da na yi tuntuɓe ba. Ta tambayi ranar haihuwar yarinya, na faɗa. Ta duba takarda, ta yi wata tambaya a taƙaice, cikin muryar da ta tambayi sunan asibiti. Na ji ta da Turanci, amsar kuma tana bakina a shirye. Sai tafintan ya yi gyaran murya.

"Ta ce, ke nan an haifi ɗiyar kafin a ɗaura maku aure?"

Kalma ɗaya ake so in faɗa, na kuma haddace ta. Amma da na ji tambayar da Hausa, a bakin dattijo, sai na ga yarinyar nan zaune a tabarma tana cusa ƙafa a baki, na ji sunan da ake kiran irin wannan ɗa da shi a garinmu, sunan da ke bin mutum har jikokinsa.

"A'a," na ce. "Wallahi a'a. Ɗiyata ɗiyar sunna ce."

Wannan ne karo na farko da na ce "ɗiyata" a gaban wani mahaluki. Daga nan bakina ya ƙi tsayawa. Na faɗi Juma'ar Ƙofa, da Yaya, da liman, da goro, da kwana ashirin da takwas. Tafintan yana fassarawa a hankali, Baturiyar tana rubutu. Da na gama ta yi mini godiya.

Takardar ƙi ta zo bayan sati uku. Ba ta ce uffan a kan ango da wakili ba. Cewa ta yi na sa hannu a kan bayanin da na san ba gaskiya ba ne, saboda haka an rufe mini ƙofa shekara goma. Daga baya maigidana ya je wurin wata lauya a can, abin da ya kamata a yi tun farko. Ta ce masa auren wakilci ba baƙo ba ne a wurinsu, da an kawo takardar liman da rantsuwar shaidu da wuya a ce a'a. Wato abin da ke cikin littafin 'yan aji huɗu. Ranar da ya gaya mini haka ko kuka ban iya yi ba.

Ƙwararren ya ce shi ya yi aikinsa, Hajiya ce ta ɓata rawarta da tsalle. Yaya ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata da ka. Matan gida kuwa in sun ga na shiga ɗaki sai su rage murya, amma ina jin su: kalma ɗaya fa, kalma ɗaya ta kasa faɗa.

Yanzu matan da mazajensu ke waje sukan zo su tambaye ni ko su ɗauki mai cika musu takardu. Ba na ce musu a'a, don lauyar can ma ai ƙwararriya ce, gaskiya kuma ta faɗa. Abin da nake ce musu shi ne duk abin da aka rubuta da sunanki, a juya miki shi da Hausa, ki karanta da ƙarfi kamar ubanki na zaune. Wasu sukan yi dariya, su ce malama ta faye tsanani.

Bana da maigidana ya zo hutu, muna zaune da hantsi a ƙofar ɗaki, ina tsince shinkafa. Yarinyar, wadda ta cika shekara huɗu, tana wasa a gindin darbejiya, tana satar kallonsa, don kullum sai ya yi kwana uku kafin ta yarda da shi. Ya daɗe yana dubanta, sai ya ce, ba da faɗa ba, "Da kin daure kin ce e, da yanzu tana makaranta a can."

Na ajiye faifan. Na ɗaga murya na kira ta da sunanta, har surukata ta leƙo daga madafa don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Yarinyar ta rugo, na riƙe kafaɗunta na tsayar da ita a gabansa.

"Ga ta nan," na ce. "Kai ma ka karanta ka yarda. Hwaɗi abin da takardar ta ce, da Hausa, tana ji."

Ya buɗe baki, ya dube ta, ya rufe. Ya jawo ta ya ɗora a cinya, ya sunkuyar da kai a kan kitsonta. Ni kuma na ɗauki faifaina. Bayan kwana tara muka raka shi tasha, ta ɗaga masa hannu, ta tambaye ni ko ya koma cikin waya ne. Saura shekara bakwai. Ranar da za a sake buɗe mini ƙofa tana da shekara goma sha ɗaya.