Kawu Ishaƙ da Injin da Ya Sha Turare

Duk wanda ya saba ratsa layin teloli a kasuwar Gumel da hantsi ya san Kawu Ishaƙ, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai tabarau ɗaure da zare, wanda yake jingine tsohon babur ɗinsa a gindin dalbejiya, ya shimfiɗa buhu, ya jera sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarama. Ba ya fara aiki sai ya wanke hannu da sabulu, don ya ce injin mutum amana ne, ba a taɓa shi da maiƙon ƙosai. Tun yana saurayi keken ɗinki yake gyarawa. Da injinan surfani suka zo, ya koye su. Da injin leza ya fara shiga gidaje, wannan ɗan akwati mai yanka katako da fata da tsinin haske maimakon wuƙa, sa'o'insa suka ce ba na zamaninsu ba ne. Shi kuwa ya hau mota da furfurarsa ya tafi Kano, ya zauna gaban masu sayar da shi ya ce a koya masa.

Bana gwiwa ta ƙi. Ya ce ya daina hawa babur zuwa ƙauyuka, mai buƙatarsa ya same shi a gindin dalbejiya. Shi ya sa aka rubuta wannan. Muna da wani mugun hali: sai an binne mutum muke tuna kirkinsa, mu taru a kan tabarma muna "Allah Sarki". Wannan ba yabo ba ne, ragwanci ne. Kawu Ishaƙ yana raye, kunnensa ƙalau, gara ya ji.

Kowa ya san yadda wasu masu gyara suke. Ka kai musu abu, su juya maka baya, ko su aike ka sayo abin da ba sa buƙata, kafin ka dawo sun ɗaure ɗan notin da ya kwance. Ba sa so ka gani, don gobe ka sake dawowa. Kawu bai taɓa yin haka ba. Shi ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ya sassauta ta ga namiji ko mace: mai inji ne zai riƙe sukundireba, shi nasa nuni da baki.

Wanda yake son shaida ya je Gagarawa ya tambayi Sharifa.

Sharifa ta dawo gidan mahaifiyarta, Inna Larai, bayan rasuwar mijinta. Yayanta Abdulƙahhar, ɗan kasuwar hatsi, ya saya mata injin leza don ta riƙe kanta da 'yarta. Ta kuwa riƙe. Tana zana suna a maƙalin makulli, tana yanka kayan rabon biki, har aka santa. Sai Islamiyyar unguwarsu ta sa ranar walimar sauka, aka ba ta aikin ƙananan alluna na katako, kowace ɗaliba da sunanta a jiki. Cikin masu saukar har da 'yarta Tayyiba. Ta amsa a gaban malamai da iyaye, ta ce in sha Allahu ba wadda za ta koma gida hannu biyu.

Daga nan inji ya fara lalaci. Katakon da yake ratsawa a zagaye ɗaya, yanzu sai ya bi shi sau uku yana jan jiki, ya ƙone gefe baƙi ƙirin, kuma bai ɓulla ba. Ta kira wanda ya sayar da shi a waya, ya ce ta goge madubai da suke cikin injin, masu juya hasken. Ta goge, ya ɗan farfaɗo, ya sake kwantawa. Daga baya ko gogewar ba ta yi masa komai. Walima ranar Asabar, ga Laraba ta waye, ko rabin alluna ba a yanka ba.

Da Kawu ya yi sallama da hantsin Larabar nan, Abdulƙahhar ne ya shigar da shi, yana ta huci.

"Kawu, na dai kira ka ne don kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Gobe Alhamis, kasuwar Maigatari. Akwai wani ɗan Damagaram da ya ce yana so ko a mace. In ɗora shi a mota, ta koma ƙulla gyaɗa, kowa ya huta."

"Yaya, allunan fa?" in ji Sharifa, murya ƙasa-ƙasa.

"A ba su haƙuri. Ke kika fara saɓa alkawari a garin nan?"

Kawu ya lura da idonta. Ba injin kaɗai take tsoron rasawa ba. Tana hango kanta ranar Asabar, tsaye a bayan taro, ana kiran sunan 'yarta ba abin miƙa mata.

"Alhaji, Alhamis ai gobe ce," ya ce. "Yau Laraba, ta Sharifa ce. Matsa mini in ga mara lafiyar."

Injin yana cikin ɗakin Inna Larai, kan tebur kusa da gado, an lulluɓe shi da zani mai kyau kamar jariri. Kawu bai taɓa shi ba. Ya zauna a kujera 'yar tsugune, ya ce ta kunna ta zana masa da'ira. Ya karkata kunne yana sauraro. Da aka buɗe murfi ya ɗaga katakon ya nuna mata.

"'Yata, da'ira kika ce masa ko ƙwan zabo?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba.

"Bel ɗinsa ya saki. Irin ciwon keken ɗinki ne, ba wani abin tsoro ba. Kashe shi, cire wuta. Ungo."

Ya miƙa mata sukundireba. Ta ja da baya.

"Kawu, kada in ɓata."

"Ai a ɓace yake. Ɗaure nan. Kaɗan. Taɓa bel ɗin da yatsa, kin ji ya yi ƙarfi? To tsaya, in kin matse shi da yawa wani ciwon kika jawo."

Da'ira ta fito da'ira, amma katako bai ɓulla ba. Sai Kawu ya leƙa ƙarƙashin tebur, inda bokitin ruwan sanyaya injin yake, ruwan da yake zagaya kwalbar da hasken yake fitowa. Ya sa aka kashe injin, ya tsoma yatsa, ya zare da sauri.

"La'ilaha! Wa ya haihu a gidan nan? Wannan ai ruwan wankan jego ne."

Ya yi mata bayani dalla-dalla: in ruwan ya ɗumama, hasken yana yin rauni, kamar mutumin da ya yini a gona cikin bazara. Bai ce a sayo komai ba. Ya sa Abdulƙahhar ya gangaro da randa daga tsakar gida, aka girke ta a kan jiƙaƙƙen yashi, aka zuba sabon ruwa tatacce a jarka, aka nutsa jarkar cikin randar. Aka jira ruwa ya yi sanyi, aka sake gwadawa. Haske ya ƙara shiga katako, amma har yanzu bai fita ta baya ba.

Abdulƙahhar ya kaɗa makullin motarsa. "Na gaya muku."

Kawu ya auna tazarar kan injin da katako, daidai take. Ya ce ta goge madubi ɗaya ya gani. Ta ɗiga sifirit a auduga ta shafa, audugar ta fito da wani abu ja-ja mai danƙo. Ya karɓa ya murza, ya kai hanci. A nan ya tsaya. Hayaƙin katako ya san shi, ƙauri yake yi. Wannan kuwa ƙamshi yake.

"Da turare kike goge shi?"

"Wallahi a'a, Kawu. Sifirit kawai."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. A ransa ya fara jin nauyi, domin bai san amsar ba, kuma shi ba mai ƙirƙiro amsa ba ne don a ce ya iya. Ya ce ta kunna injin ta bar shi yana aiki, ya zauna yana kallo kawai.

Suna haka sai labule ya ɗaga. Inna Larai ce, riƙe da kaskon turaren wuta, hayaƙi yana tashi fari tas.

"Malam Ishaƙ, sannu da aiki. Ka yi haƙuri da warin abin nan. Tunda aka kawo shi ɗakina ya koma maƙera, sai na yi ta turare safe da rana da yamma."

Ta ajiye kaskon inda ta saba, a gindin tebur. Kawu ya bi hayaƙin da ido. Bai tashi sama ba. Lanƙwasa ya yi, ya miƙe sak cikin ramukan iskar injin, kamar an kira shi da suna.

Dattijo ya fashe da dariya har tabarau ya zame.

"Alhamdu lillahi! Hajiya, kin kawo mini ɓarawon har gida. Injin nan ba ciwo yake ba, turare ya sha ya ƙoshi."

Inna Larai ta dafe ƙirji. "Turarena? Wanda aka kawo mini tsarabarsa tun daga Damagaram? Kai Malam Ishaƙ, in ka kasa gyara ka ce ka kasa, kada ka ɗora wa turarena."

Wani mai gyaran da sai ya yi mata tsawa, ko ya yi shiru ya bar gaskiya don gudun rigima. Kawu bai yi ko ɗaya ba.

"Hajiya, ai don yana da kyau ne. Na banza iska yake bi. Naki in ya shiga zani, a wanke ma yana nan, ko ba haka ba?"

"Sosai ma."

"To yadda yake kama zani, haka yake kama gilashi."

Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ka ji wanda ya san kaya."

Sai abin ya warware a fili. Man turaren yana kwanciya a kan madubai, yana kuma liƙe fankar da take fitar da hayaƙi, ƙura ta hau kai, fanka ta yi nauyi. Fanka ta yi nauyi, ƙaurin katako ya tsaya a ɗaki. Ƙauri ya tsaya, Inna ta ƙara turare. Sharifa da hannunta ta kwance fankar, ta kankare wani baƙin danƙo da ya kai kaurin yatsa.

Saura abu ɗaya, kuma Kawu bai ɓoye mata ba.

"Akwai wani ɗan gilashi a cikin kan injin, shi ne idonsa, shi yake tsinanta hasken. Ba a nuna miki shi ba, don haka ba ki taɓa goge shi ba. In dattin a sama yake, mun tsira. In haske ya gasa shi har ya ci gilashin, sai an aiko da sabo daga Kano, kuma ba na jin zai iso kafin Asabar. Kwance a hankali. Lura da gefen da yake kallon sama, haka za ki mayar."

Ta zaro shi, ɗan abu kamar anini, ya yi jawur. Har Abdulƙahhar ya daina kaɗa makulli. Ta ɗiga sifirit, ta shafa sau ɗaya kamar yadda aka ce mata, ta canja auduga, ta sake. Ta ɗaga shi saitin taga.

"Me kika gani?"

"Ina ganin bishiyar gidan maƙwabta, Kawu. Har ganyenta."

"To mayar."

Aka rufe murfi, aka kunna. Kan injin ya ruga a guje kamar ranar da aka kawo shi, ya zagaya sau ɗaya, ya tsaya. Sharifa ta ɗaga katako, ɗan allo ya faɗo ƙwal, gefensa sumul, da sunan Tayyiba a tsakiya. Inna Larai ta sunkuci kaskon turaren ta rangaɗa guɗa, Kawu yana ihu, "Hajiya, waje da shi! Waje!"

Abdulƙahhar da ya zo ɗaukar inji zuwa Maigatari, shi ya ɗauke shi a ka zuwa ɗakin zaure mai taga. Shi ya huda bango aka zura tiyon hayaƙi waje, yana yi yana cewa dama shi bai taɓa nufin sayarwa da gaske ba. Ba wanda ya ƙaryata shi. Ranar Asabar kowace ɗaliba ta koma gida da allonta.

Kawu Ishaƙ, kai ne ka zauna a kujera 'yar tsugune ka bar mace mai tsoron ɓatawa ta gyara abinta, alhali da ka karɓa da tuni ka gama. Kai ne ka ce ban gane ba tukuna, a lokacin da wani zai yi ƙarya. Kai ne ka faɗa wa tsohuwa gaskiya ba tare da ka zubar mata da girma ba. Mai hannu a buɗe, uban teloli. Ba ka da lambar yabo a bango, kuma waɗanda suke da ita da yawansu ba su kai ka ba.

Tun daga ranar nan, Sharifa ba ta sake kiran Kawu gyara ba. Yanzu ma matan da suka sayi irin injin a Sule Tankarkar da Maigatari ita suke kira. Tana zuwa ta zauna, ta saurara, ta shinshina auduga, ta miƙa wa mai inji sukundireba. Wani tela ya tsokane shi a kasuwa, ya ce, "Kawu, 'yar Gagarawa ta ƙwace maka kasuwa."

Ya ce, "Ƙwacewa? Ni na kai mata har gida. Gwiwata ce ta tsaya, aikin bai tsaya ba."

Ku masu sana'a, ku ji da kyau. Duk abin da kuka iya, wani ne ya nuna muku, ba da shi aka haife ku ba. Ɓoye shi rowa ce, kuma ranar da gwiwarku ta ƙi, ba wanda zai hau babur a madadinku. Ku juyo da fuska, ku bar mai kaya ya gani.

Mun gode, Kawu. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sassauta gwiwa, Ya sa abin da ka koyar ya riga ka zuwa mizani. Wanda ya bi ta layin teloli ya tsaya ya gaishe shi. Ba zai ɓata ba: ya bi ƙamshi kawai. Duk zuwan Sharifa Gumel sai Inna Larai ta aiko masa da ƙullin turarenta, shi kuma sai ya kunna. Amma can nesa yake ajiye kaskon, a bayan dalbejiya, inda iska ba za ta kai shi kan injin kowa ba.