Jar kauɗar da ta kusa tafiya da mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara isowa gonakinmu a Bakura, tumatir ya yi yawan da har awaki suka ƙoshi. Dole muka koma yankawa muna shanyawa, mu yi kauɗa. Tawa kullum baƙa take fitowa kamar gawayi. Ta abokina kuwa jawur, sai ka ce yanzu aka tsinko. Wata farar hoda yake samowa a Talata Mafara, ya jiƙa tumatirin a ruwanta kafin ya shanya.

A wajenmu, abin da ya fi kyau a amfanin gona babba ake fara kai wa. Abokina maraya ne, mahaifiyata ya ɗauka uwa, don haka ita yake zaɓar wa mafi ja. Ita kuma tana da asma.

A ranin nan numfashinta ya dinga sarƙewa, yawanci bayan cin tuwo. Ni da iya shegen sani na ɗora laifin kan sanyin ruwan dam. Ranar da leɓenta ya yi baƙi, na ɗauke ta sai asibitin Mafara, kuma wallahi na tsorata.

Malamin asibiti ya tambayi abin da take ci. Da na ambaci hodar, ya ce an yarda a sa ta a abinci daidai gwargwado, yawancin mutane ba ta yi musu komai, amma mai asma tana iya shaƙe shi. A kayan kamfani ana rubutawa a jikin leda. Kauɗar kasuwa kuwa ba ta da rubutu.

Na ce bari in je in gaya wa abokina. Inna ta riƙo rigata.

"Kar ka kuskura ka kunyata min ɗa. Mi yas sani? Alheri yay yi nufi."

Haka ta ci gaba da karɓar kyautarsa tana sa masa albarka, ni ina cinye jar, ita tana miya da baƙata. Sai bayan rasuwarta na gaya masa. Daga ranar ya daina sayen hodar.

Yanzu 'yata ce ta gaji asmar. In na shiga kasuwa, kauɗar da ta fi muni nake nema, 'yan kasuwa suna ce min marowaci. Ina biya in wuce.